Laburaren da ka gina da hannunka a Linux: ina za ka ajiye shi?

Laburare a nan tarin lambar manhaja ne da wasu manhajoji ke ɗauka su yi aiki da shi, kamar OpenSSL mai ɓoye bayanan sadarwa. Python 3.10 da waɗanda suka biyo bayansa ba sa karɓar OpenSSL da bai kai 1.1.1 ba, alhali CentOS 7 da 1.0.2 ya zo, kuma da shi ya ƙare wa'adinsa a watan Yunin 2024. Wanda ya gina Python a irin wannan na'ura zai ga aikin ya kammala lafiya lau, sai ya kira pip, mai girka fakitocin Python, ya tarar babu sashen ssl. Akwai kuma akasin haka: Ubuntu 22.04 da Debian 12 sun koma OpenSSL 3.0, Ruby kuwa in bai kai 3.1 ba ba ya ginuwa da shi. Ko laburaren na'urarka ya tsufa, ko ya yi sabo da yawa, mafita ɗaya ce, ka sauko da tushensa ka gina irin wanda kake bukata.

Ginawar kanta ba ta da wuya. Abin da ke cin mutane shi ne inda za a zuba shi bayan an gina. Masu neman laburare uku ne, kuma kowa da hanyar da yake bi. Akwai kayan gini, wato gcc da pkg-config da CMake, masu neman fayilolin `.h` da `.so` lokacin haɗawa. Akwai `ld.so`, mai ɗauko laburare duk lokacin da aka kunna manhaja. Sannan akwai manajan fakiti, apt ko dnf ko pacman, wanda bai san komai ba sai abin da ke rubuce a kundinsa. Yawancin rikicin da ake gani daga saɓanin ukun nan yake tasowa: na farko ya ga sabon laburare, na biyu ya ɗauko tsoho, na uku bai ma san akwai sabo ba.

Ra'ayina tun daga farko: ko dai ka ɓoye laburaren nan ɗungurungum yadda babu mai ganinsa sai manhajar da ka gina dominta, ko kuma ka shigar da shi kundin manajan fakiti da gaskiya. Zaman tsakiya shi ne ke kawo ɓarna, kuma abin takaici shi ne wanda ya fi sauƙin faɗawa.

## Zuba shi a /usr/local

`./configure`, `make`, `sudo make install`. Idan ba ka faɗi wuri ba, Autotools da CMake da Meson duk `/usr/local` suke nufa, kuma ƙa'idar tsarin foldoji ta Linux ta ware wurin ne musamman don mai kula da na'ura. Saboda haka ba laifi ba ne a ajiye abu a can. Manhajar da ke tsaye da ƙafarta, wadda babu mai jingina da ita, tana iya zama a `/usr/local/bin` shekara da shekaru ba ta dami kowa ba. Laburare ne ba haka yake ba, musamman wanda tsarin yake da irinsa.

A Debian da Ubuntu, fayil ɗin `/etc/ld.so.conf.d/libc.conf` yana ɗauke da `/usr/local/lib`, kuma ana karanta shi kafin wanda ke ɗauke da `/usr/lib/x86_64-linux-gnu`. Da zarar an gudanar da `ldconfig`, duk manhajar da ke neman `libcurl.so.4` naka za ta samu, ba na Debian ba, har da waɗanda apt ya girka waɗanda ba da naka aka gina su ba. Daga nan ne sanannen saƙon nan yake fitowa, `/usr/local/lib/libcurl.so.4: no version information available`, a bakin manhajojin da ba ka taɓa taɓawa ba. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi magana. Wani lokacin naka an gina shi ba tare da wani sashe da na tsarin ke da shi ba, sai wata manhaja ta daina aiki babu bayani.

A Fedora da dangin Red Hat kuwa `/usr/local/lib` ba ya cikin jerin `ld.so` tun asali. Ka gina, ka girka, ka kunna, a ce maka `cannot open shared object file`. Umarni iri ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna, ya danganta da irin Linux ɗin da kake kai.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan ɓoyuwa. gcc yana duba `/usr/local/include` kafin `/usr/include`, amma wajen haɗi a Debian foldojin laburare na tsarin ne ke gaba da `/usr/local/lib`. Ke nan kana iya gina manhaja da fayilolin `.h` na sabuwar siga, a ɗaure ta da `.so` na tsohuwa. Idan ka yi sa'a ginin zai tsaya da `undefined reference`. Idan ba ka yi ba, zai wuce, ta riƙa mutuwa jefi-jefi saboda girman wani tsarin bayanai ya bambanta tsakanin sigogin biyu.

Cirewa kuma wata magana ce. `make uninstall` ba kowace manhaja ke da shi ba, inda yake kuma sai in ba ka goge foldar ginin ba. CMake yana barin jerin abin da ya zuba a `install_manifest.txt`, shi ma a foldar ginin. Bayan shekara biyu, wanda ya gaji sabar daga hannunka zai tarar da fayiloli a `/usr/local/lib` da `dpkg -S` ya ce bai san mai su ba. Kamar baƙo ne da ya tare a ɗakin zaure mai gida bai sani ba, yaran gida kuma kullum a wurinsa suke cin abinci.

Wurin da na yarda da wannan hanya: cikin kwantena, wato keɓantaccen muhalli irin na Docker, ko na'urar gwaji da za a goge gobe, ko laburaren da tsarin ba shi da irinsa kwata-kwata kuma ba a sa ran zai samu.

## Folda tasa ta kansa, da hanyar da aka rubuta a jikin manhaja

Nan kowane laburare yana samun gidansa, sunansa da sigarsa a jikin foldar: `/opt/openssl-3.0`, ko wani wuri a ƙarƙashin `$HOME` idan ba ka da ikon root. Babu mai leƙawa can sai wanda aka nuna wa hanya. Tsarin bai san da shi ba, kuma ba ya amfani da shi, saboda haka rashin sanin ba ya cutar da kowa. Cirewa `rm -r` ne kawai. Siga biyu ko uku suna zama kafaɗa da kafaɗa.

Kuɗin da za ka biya shi ne nuna hanyar, sau biyu. Lokacin gini, `PKG_CONFIG_PATH` ga masu bin pkg-config, `CMAKE_PREFIX_PATH` ga CMake, `CPPFLAGS` da `LDFLAGS` ga tsofaffin rubutun configure, ko wani zaɓi na manhajar kanta. Kada ka yarda da zato, ka tambaya: `pkg-config --modversion openssl` zai faɗa maka wanda ake gani. CMake kuma yana da riƙo, in ya taɓa gano tsohon laburare ya rubuta shi a `CMakeCache.txt`, ba zai sake nema ba sai ka goge fayil ɗin.

Nuni na biyu, na lokacin kunnawa, shi ne inda ake rabuwa. Mafi yawan mutane `LD_LIBRARY_PATH` suke sakawa a `.bashrc` su wuce. Yana aiki a tagar da ka gwada. Amma sudo yana share shi, cron da systemd ba sa karanta `.bashrc` ɗinka, manhajoji masu setuid ba sa kula shi. Inda yake aiki kuma ya wuce gona da iri, domin duk manhajar da aka kunna daga wannan taga tana gadonsa, sai ssh da git da curl na tsarin su fara ɗaukar laburarenka. Ka dawo matsalar `/usr/local` ke nan ta bayan gida. Amfaninsa gwaji na ɗan lokaci, ko cikin ɗan rubutun da ke kunna manhaja guda.

Abin da ya dace shi ne a rubuta hanyar a cikin fayil ɗin manhajar kanta, da `-Wl,-rpath`. Ga misalin Python a na'ura irin ta Red Hat:

```
./config --prefix=/opt/openssl-3.0 --libdir=lib \
  --openssldir=/etc/pki/tls -Wl,-rpath,/opt/openssl-3.0/lib
make && sudo make install_sw

./configure --prefix=/opt/python-3.11 \
  --with-openssl=/opt/openssl-3.0 --with-openssl-rpath=auto
```

Kowane zaɓi a nan da dalilinsa. OpenSSL 3 a kan x86_64 `lib64` yake zuba kayansa in ba a hana shi ba, wasu rubutun configure kuma `lib` kaɗai suke dubawa, shi ya sa `--libdir=lib`. `--openssldir` yana nuna masa inda takardun shaida na tsarin suke. In ka bar shi zai nemi nasa a foldar da babu komai, duk haɗin https ya faɗi da `certificate verify failed`. `install_sw` kuwa manhajar kaɗai yake girkawa, ba ya taɓa foldar saitin tsarin.

Me ya sa aka sa rpath a kan OpenSSL kansa, ba Python kaɗai ba? Domin rubutun hanyar iri biyu ne. Tsohon, RPATH, ana duba shi kafin `LD_LIBRARY_PATH`, kuma yana bin zuriya, wato laburaren da manhajarka ta ɗauko shi ma yana amfana da shi wajen neman nasa abin dogaron. Sabon, RUNPATH, ana duba shi bayan `LD_LIBRARY_PATH`, kuma bai wuce abin da fayil ɗin ya nema kai tsaye ba. Debian da Ubuntu na yanzu RUNPATH suke rubutawa. Saboda haka idan manhajarka ta nemi laburare na ɗaya, shi kuma yana bukatar na biyu da ke folda guda da shi, dole na ɗayan ya san hanyar da kansa. `readelf -d` zai nuna maka wanne aka rubuta, `ldd` ya nuna wanda za a ɗauko, in abin ya rikice `LD_DEBUG=libs` zai zayyana maka duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa.

CMake da Meson suna da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon shiga. A foldar gini suna sa rpath na wucin gadi don gwaji ya yi aiki, lokacin girkawa su cire shi. Manhaja ta yi aiki kafin a girka, ta ƙi bayan an girka. Maganin `CMAKE_INSTALL_RPATH` ne, ko `install_rpath` a Meson. Idan kana son a iya ɗaukar foldar gaba ɗaya a kai wani wuri, yi amfani da `$ORIGIN/../lib` maimakon cikakkiyar hanya, ka kuma kula da alamar dalar nan, domin make da bash duk suna son cinye ta. Fayil ɗin da aka riga aka gina ba daidai ba, patchelf yana gyara shi ba sai an sake gini ba.

GNU Stow yana tsakanin wannan hanya da ta farko. Kowane abu da foldarsa a `/usr/local/stow`, shi kuma ya shimfiɗa fayilolin nuni zuwa `/usr/local/lib` da `/usr/local/bin`. `stow -D` ya kwashe su tsaf. Ya magance matsalar cirewa, amma bai magance ta ganin tsarin ba. Ga kayan aiki yana da kyau, ga laburare irin su OpenSSL da zlib ban ga ribarsa ba.

Raunin wannan hanya guda ɗaya ne, kuma babba ne: babu mai tuna maka. Ranar da aka gano ɓaraka a OpenSSL, `apt upgrade` zai gyara na tsarin ya bar naka yadda yake. Ka ajiye umarnin ginin a rubutu guda, a cikin git, tare da sigar da ka sauko da ita, tun ranar farko. Ba a fafa gora ranar tafiya.

## Idan abin da kake ginawa fakiti ne

Duk abin da ya gabata na wanda ke gina wa na'ura ɗaya ne. Mai haɗa `.deb` ko `.rpm` don rabawa, labarinsa daban, domin kayan haɗa fakiti da kansu suke bin diddigin kowane laburare. A Debian, `dpkg-shlibdeps` yana duba kowane `.so` da manhajarka ta nema, ya tambayi wane fakiti ne mai shi, don ya rubuta a layin `Depends`. In ya iske naka, sai ya tsaya:

```
dpkg-shlibdeps: error: no dependency information found for /usr/local/lib/libfoo.so.1
```

Amsar da aka fi yaɗawa ita ce a ƙara `--ignore-missing-info`. Ginin zai wuce, amma fakitin da ya fito bai faɗi cewa yana bukatar laburaren ba. Zai girku a kowace na'ura cikin lumana, ya ƙi kunnuwa a duk wadda ba taka ba. rpmbuild ta wani gefen yake kamawa: yana rubuta bukatar da kansa, kamar `libfoo.so.1()(64bit)`, sai dnf ya ƙi girkawa domin babu fakitin da ya ce yana bayar da ita, ko da fayil ɗin na nan zaune a faifai. Ni na fi ganin mutuncin wannan ƙin.

Daga nan mutane kan koma ga fakitin bogi. A Debian equivs ne ke yin sa: fakiti marar komai a ciki, mai ɗauke da suna da siga kawai, don apt ya ɗauka an girka. Gentoo yana da `package.provided`, pacman yana da `--assume-installed`, a rpm kuma ɗan fayil ɗin spec mai layin `Provides` ya isa. Yana da wurin da ya dace. Wanda ya girka TeX Live kai tsaye daga masu shi, ba ya son apt ya sake jawo masa wani, equivs ne maganinsa, domin masu dogaro da TeX umarni kawai suke kira. Ga laburaren da ake ɗaurewa da shi kuwa, ƙarya ce da za ta dawo maka. Ka gaya wa apt akwai `libfoo1`, shi kuma zai girka duk mai bukatarsa bisa amanar cewa irin na Debian ne, da saitin Debian, a wurin da Debian ke ajiyewa.

checkinstall ya fi wannan gaskiya da kaɗan. Yana zura ido a kan `make install`, ya tattara abin da aka zuba ya mai da shi fakiti, saboda haka cirewa ta zama mai sauƙi. Sai dai tsohon kaya ne, ba ya gano abubuwan dogaro da kansa, ba ya raba laburare da fayilolin gini, ba ya samar da bayanan da `dpkg-shlibdeps` ke nema. Don na'urarka kaɗai, ba laifi. Kada ka ɗora wani fakiti a kansa.

Hanyar da ta cika ita ce ka gina laburaren a matsayin fakiti na gaske, kuma sau da yawa wani ya riga ya yi maka kashi mafi wuya. Idan Debian na gwaji ko Fedora ta gaba suna da sigar da kake so, ɗauko tushen fakitinsu ka sake ginawa a naka: `apt source`, `apt build-dep`, `dch`, `dpkg-buildpackage`. Lambar siga a nan ba ado ba ce. Alamar `~` a lissafin dpkg ƙasa take da komai, har da rashin komai, shi ya sa `1.4-2~bpo12+1` bai kai `1.4-2` ba, ranar da ka ɗaga tsarin zuwa Debian na gaba, na hukuma zai maye gurbin naka da kansa. Idan kuwa faci, wato ɗan gyara na kanka, ka ƙara wa sigar da ake da ita, `+local1` zai sa naka a sama, har zuwa ranar da Debian ya fitar da gyaran tsaro ya haye kansa, facinka ya tafi. `apt-mark hold` yana hana hakan, amma ya hana gyaran tsaron ma. Babu wanda zai zaɓar maka tsakanin biyun.

Gina a ɗaki mai tsabta, ba a na'urarka da ta tara tarkace ba. sbuild yana karɓar fakitin da ka gina ta `--extra-package`, mock yana da `--chain` mai gina jerin fakitoci kowanne ya samu na gabansa, makechrootpkg na Arch yana da `-I`. Sannan ka zuba sakamakon a rumbunka: `dpkg-scanpackages` ya ishi ƙaramin aiki, reprepro ko aptly in abin ya girma, `createrepo_c` a ɓangaren rpm. Daga nan sabar goma ko hamsin duk umarni ɗaya ne.

Tambayar da za ka tsaya a kanta ita ce ko fakitinka zai maye gurbin na tsarin ko zai zauna gefensa. Maye gurbi yana da lafiya ne kawai idan lambar da ke bayan `.so` ba ta canja ba, kuma masu laburaren mutane ne masu kiyaye alkawarin wannan lamba. Daga `libssl.so.1.1` zuwa `libssl.so.3` ba maye gurbi ba ne, sake gina rabin tsarin ne. A irin wannan sai zama gefe da wani suna, yadda EPEL, rumbun ƙarin fakitoci na dangin Red Hat, ya yi da `openssl11` a CentOS 7, ko yadda Red Hat ya riƙa zuba sabbin kayan gini a `/opt/rh`.

Wannan ya kai mu ga abin da nake ganin ya fi dacewa da ƙananan ƙungiyoyi masu sabar fiye da ɗaya: a haɗa hanyoyin biyu. Gina zuwa `/opt` da rpath kamar yadda aka nuna, amma maimakon girkawa kai tsaye ka yi `make install DESTDIR=/tmp/tari`, ka naɗe abin da ya taru ya zama fakiti mai sunanka, ko da fpm na Jordan Sissel ko da ɗan gajeren spec. Tsarin ba ya ɗaukar laburaren bisa kuskure, manajan fakiti kuma ya san da shi, ya san mai dogaro da shi. Masu duba ƙa'ida za su yi ƙorafi, lintian na Debian ba ya son `/opt`, Fedora tana da bincike mai tsayar da gini saboda rpath, amma dokokin nan an yi su ne don rumbun hukuma, ba don naka ba.

## Cusa shi cikin manhajar

Haɗin dindindin, inda ake kwafe laburaren `.a` cikin fayil ɗin manhaja, yana kashe tambayar lokacin kunnawa gaba ɗaya. FFmpeg ne misalin da kowa ya sani. Mai son libfdk-aac tare da x264 ko x265 dole ya gina da kansa da `--enable-nonfree`, domin lasisin bai yarda a raba ginannen ba. Ana gina x264 da x265 da sauransu a wata folda a gida, a ba configure `--pkg-config-flags="--static"`, a fito da fayil guda da za a iya kwafewa. In ka ga `x265 not found using pkg-config` alhali ka san yana nan, buɗe `ffbuild/config.log`, galibi wani laburare ne na gefe ya ɓace a layin haɗi. Meson da foldarsa ta `subprojects`, CMake da FetchContent, da vcpkg da Conan, duk sauƙaƙa irin wannan aiki suke yi ga mai rubuta manhajarsa.

Dalilin da Debian ya rubuta a ƙa'idarsa cewa ba a son kwafen laburare a cikin fakiti, tarihi ne ya koyar. A 2002 an gano kuskure a zlib, aka tarar manhajoji da yawa sun kwafe shi a cikinsu, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumban 2023 ɓarakar libwebp ta maimaita darasin, aka yi ta jiran kowace manhaja mai ɗauke da kwafenta ta fitar da gyara. Laburaren da ke cikin fayil ɗin manhaja `ldd` ba ya nuna shi. Ga kayan sarrafa bidiyonka na kanka, wannan haɗari ne da za a iya ɗauka. Ga abin da ke sauraron intanet, ko mai buɗe fayilolin da baƙi suka turo, sai in kana da injin da ke sake gini da kansa duk lokacin da aka saki gyara. Ka duba lasisi kuma: LGPL yana da sharuɗɗa a kan irin wannan haɗi idan za ka raba wa wasu.

## Nix, Guix, Spack, da kwantena

Ukun farko sun ɗauki dabarar folda ta kansa da rpath suka mai da ita tsari. Nix, wanda Eelco Dolstra ya fara a 2003, yana ajiye kowane gini a `/nix/store` ƙarƙashin suna mai lambar da aka lissafa daga duk abin da ya shiga ginin. Guix yana bin wannan tafarki a `/gnu/store`, kuma yana da zaɓuɓɓuka irin `--with-input` da `--with-patch` masu sauya abin dogaro a layin umarni. Spack ya fito ne daga ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka, don manyan kwamfutocin kimiyya inda laburare guda ake gina shi da kayan gini iri-iri. Idan abin dogaronka ya kai goma, ko kana bukatar sigogi da yawa a lokaci guda, nan ne wurinka. Idan ɗaya ne ko biyu, koyon harshen Nix kawai ya fi aikin da kake gudu. Ka kuma sani cewa taɓa laburare na ƙasa yana canja lambar duk abin da ke samansa, ginannun da ake saukowa da su daga rumbu su daina dacewa, sai na'urarka ta gina komai. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa, ko mai aiki da wutar da ba ta da tabbas, ya lissafa wannan kafin ya fara.

Kwantena kuwa ba ta warware tambayar ba, ta rage mata haɗari ne. A cikin Docker ko Podman zuba a `/usr/local` ba komai, tunda babu wasu manhajoji da za a ɓata wa, kuma fayil ɗin ginin shi ne rubutaccen tarihin abin da aka yi. Sabuntawa dai tana wuyanka.

## Abu biyu da rpath ba ya magani

Na farko, siga biyu a cikin manhaja guda. Ka ɗaure manhajarka da OpenSSL na `/opt`, amma tana amfani da libcurl ko libpq na tsarin, su kuma da OpenSSL na tsarin aka gina su. Idan sunan `.so` ɗaya ne, wanda aka fara ɗaukowa shi kowa zai samu, ko ya dace da shi ko bai dace ba. Idan sunayen sun bambanta, duka biyun za su shiga, su zauna lafiya har zuwa lokacin da aka miƙa wani abu da ɗaya ya ƙirƙira ga ɗayan. Duba `ldd` da kyau: in ka ga libssl sau biyu, ko ka ga na tsarin inda kake tsammanin naka, to sai ka gina laburaren tsakiyar ma a foldarka. Idan jerin ya fara tsawo, alama ce aikin ya wuce na hannu, lokacin Spack ko kwantena ya yi.

Na biyu glibc, babban laburaren C da kusan kowace manhaja a tsarin ke dogaro da shi. Saƙon `GLIBC_2.34 not found` yana nufin an gina manhajar a tsarin da ya fi naka sabunta, kuma mutane da yawa sun kashe na'urarsu wajen girka sabon glibc a kan na tsarin. Shi ba laburare ba ne kamar saura, `ld.so` kansa ɓangarensa ne, kuma dole su zo daga gini ɗaya. Cusa shi cikin manhaja ma ba ya fita tsaf, domin neman sunan sabar da na masu amfani yana ɗauko wasu sassa lokacin aiki. Masu son fayil guda na gaske musl, wani laburaren C daban, suke komawa. Abin da aka gina da tsohon glibc yana aiki a sabo, akasin haka ne ba ya yiwuwa, saboda haka a gina a tsarin da ya fi tsufa cikin waɗanda za a kai wa. Dabarar manylinux ta Python ke nan, inda manylinux2014 ya tsaya a kan CentOS 7 da glibc 2.17. Ƙanensa libstdc++ ya fi sauƙin kai: in ka gina sabon gcc a `/opt` ka fara ganin ƙorafin `GLIBCXX`, ko dai rpath zuwa foldar `lib64` ta wannan gcc, ko `-static-libstdc++` a layin haɗi.